Ranar da Aka Yanke Huffin Baba

Mahaifina bai taɓa yin taimama ba, kuma yakan faɗi haka da irin muryar da wani zai ce bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba. A bakin kogin Haɗeja aka haife shi, a nan ya yi su tun yana saurayi, da ƙarfi ya fara raguwa ya koma noman shinkafa da alkama a fadama. Ko a cikin kwalekwale lokacin salla ya same shi, hannu kawai yake miƙawa ya ɗebi ruwa. Amininsa, limamin unguwarmu, Bafillatani ne, shi kuwa Baba Babarbare, don haka ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Baba yakan ce masa, "Taimama ai don ku aka yi ta, mutanen daji masu bin wutsiyar saniya. Ni ga kogi a bayan gida, me zai kai ni shafa ƙasa a fuska?" Liman ya ce, "Za ka tsufa, Babarbare." Baba ya ce ko ya tsufa kogin yana nan.

Tsufan ya zo, kuma bai zo shi kaɗai ba. Bayan mun yi ta zaryar asibiti, likita ya kira ni da ƙanena gefe ya ce zuciyar Baba ta gaji, ƙoda ma ta bi sahu. Ya ce mu kai shi gida, mu ba shi magungunansa a kan lokaci, mu rage masa gishiri, mu kyautata masa. Na gane abin da yake nufi, ƙanena ma ya gane, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ni ce 'yar fari, sai na tattara 'yan kayana na dawo gidanmu. Sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka "Uwata" yake kirana, ko da muna faɗa, kuma muna yi, don taurin kan nan ban tsince shi a titi ba.

Aikin jinya ya rabu da kansa ba tare da mun zauna mun raba ba. Daga wuya zuwa sama nawa ne: kunu, magani, hira, mita. Daga wuya zuwa ƙasa na ƙanena ne: wanka, canjin kaya, rakiya zuwa banɗaki. Haka muka taso muka gani, 'ya mace ba ta buɗe jikin ubanta in akwai namiji a gidan.

Abin da ya fara gagarar Baba shi ne wanke ƙafa. In ya sunkuya ya daɗe sai numfashi ya sarƙe masa, ya ɗago yana haki, idanu jajir. Liman ne ya kawo shawarar huffi, safar fata mai zif wadda ake sawa bayan an yi cikakkiyar alwala, daga nan sai dai a jiƙa hannu a shafa a kanta. Ƙanena ya sayo baƙi mai laushi, ya wanke wa Baba ƙafafu, ya saka masa. Duk Juma'a a cire, a yi wanka, a sake alwala, a mayar. Baba ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Sunkuyawa ɗaya, shafa ɗaya, ya gama, kuma da ruwa ya yi, da hannunsa. Mu ma muka ce Alhamdulillahi, wannan matsala ta kau.

Da sanyi ya kankama ƙanena ya bi motar tattasai zuwa Kudu, da niyyar kwana kaɗan. Mota ta lalace musu a hanya, kwana kaɗan ya koma makonni. Na ce a kira wani daga cikin dangi ya riƙa yi wa Baba wanka, ya ce shi ba gawa ba ne da za a riƙa gayyato masa mutane. In ajiye ruwan ɗumi da tawul in ja masa ƙofa, zai goge jikinsa. Juma'ar farko na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Baba, yau ba a cire huffin?" Ya ce, "A mazhabarmu cirewar ba dole ba ce, so ne kawai aka yi. Ko ke kin fi Liman karatu?" Na juya na koma aikina. Kullum yana cikin dogon wando da bargo har ƙasa, sanyin bakin kogi kuwa ba ya bari a tambayi tsoho dalilin rufa.

Sai na fara iske zanin gadonsa a jiƙe da safe. Na ce shi ke nan, Baba ya fara sakin fitsari. Mutumin da ko tofar da yawu ba ya yi a gaban 'ya'yansa, ina zan fara yi masa wannan magana? Sai in jira ya lallaɓa da sandarsa ya fita, in yaye zanin da sauri in shimfiɗa wani, in sa leda a ƙarƙashi, in kunna turaren wuta. Ni a ganina sutura nake yi masa. Jiƙon daga wajen ƙafa yake, warin ma ba na fitsari ba ne, wani ƙarni ne kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Amma hancina da idona ba su yarda su yi wa mahaifina bincike ba. Shi ma ya ga ina canja zanin, bai ce uffan ba. Muka yi ta jin kunyar juna a ɗaki ɗaya.

Wata Juma'a da hantsi ina shara a ɗakinsa, yana zaune a bakin gado da carbi, sai na ga sawu a kan siminti. Sawun ƙafa ne a jiƙe, daga ƙofa zuwa gado, ranar kuwa ban kawo ruwan goge jiki ba tukuna. Na bi sawun da ido har inda ƙafarsa take. Ruwa ne ke tsattsafowa ta ɗinkin huffin, yana taruwa a gefen diddige. Ban san lokacin da na kai hannu na yaye bargon ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi na yi ta maimaitawa, tsintsiya tana hannuna na kasa ajiyewa. Abin da na gani ba ƙafar Baba ba ce. Na san ƙafar Baba, siririya ce, busasshiya, mai kaushi da faso, ƙafar da ta yi shekaru tana taka laka har ƙaya ta daina shigarta. Wannan kuwa ta kumbura suntum tun daga gwiwa, wandon ya ɗame ta kamar zai yage, duk ya jiƙe ya manne. A bakin huffin nama ya bulbulo ya rufe fatar, kamar ƙullin fanke da ya tashi ya fi ƙarfin kwano. Na ja ƙafar wandon sama da ƙyar. Fata tana sheƙi, ta yi sirara har kana ganin ruwa yana motsi a ƙarƙashi. Ga bororo nan birjik a sangalinsa, wani kamar ƙwan zabo, wani ya kai tafin hannuna, wasu sun fashe sun bar jan nama a fili yana tsiyaya. Inda yatsana ya taɓa wajen jan wandon ya lotsa, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Baba! Tun yaushe?"

"Rufe mini ƙafa, Uwata."

"Na ce tun yaushe? Muna gida ɗaya, ina dafa maka kunu, ƙafarka tana narkewa ban sani ba?"

"Na ce ki rufe."

Ban rufe ba. Na zari mayafi na fita, sai a titi na lura takalmi ƙafa ɗaya na sa. A bayan layinmu akwai wani dattijo, malamin asibiti ne da ya yi ritaya, shi ke zuwa auna Baba lokaci-lokaci. Na buga masa ƙofa kamar gobara ta tashi. Ya ɗauko jakarsa ya biyo ni. Ya durƙusa ya duba, sannan ya sa safar hannu. Ya ja zif ɗin, ko motsi bai yi ba, ya nutse cikin nama.

Ya ce, "Baba, sai dai a yanke."

Baba ya ce, "Ba za a yanke ba."

"In aka bar shi naman zai mutu a ciki, ya ruɓe."

"In aka cire ba zai koma ba. Ko zai koma, sai na wanke ƙafa kafin in mayar. Da wannan ƙafar? Alwalar da yaron nan ya yi mini kafin ya tafi, a kanta nake shafa har yau. Ita kaɗai ta rage mini."

Ashe ya sani. Tun makon farko ya ga huffin ya fara matse shi, ya lissafa abinsa tsaf, ya zaɓi ya yi shiru. Duk zogin da yake sha, duk cije leɓen da nake gani in ɗauka sanyi ne, wannan ne. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, wallahi ko za ka tsine mini sai an yanke fatar nan yau." Ban taɓa yi masa rantsuwa a fuska ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juyar da kansa bango. Malamin asibiti ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Almakashi ya kasa shiga tsakanin fata da fata, sai ya ɗauko sabuwar reza ya bi ɗinkin yana tsinkewa zare-zare. Ni na riƙe tasa a ƙarƙashi. Da huffin ya buɗe ruwa ya kwararo, garai-garai da ɗan rawaya, na ji ƙararsa a cikin tasar. A wasu wuraren fatar Baba ta bi huffin ta saluɓe. Yatsun sun yi ɓul-ɓul sun manne da juna, sun yi fari kamar na wanda ya wuni a wanki, shatin ɗinkin ya kwanta a bayan ƙafar raɗau. Baba bai yi ko tari ba, carbin kawai na ga ya tsaya a hannunsa. Ni ce na yi ta cewa wayyo, har malamin ya ce in ba zan iya ba in ajiye tasar in fita. Ban fita ba.

Ya wanke ciwon da ruwan magani, ya shimfiɗa auduga, ya naɗe da bandeji sako-sako, muka kwantar da Baba muka ɗora ƙafafun a kan matasai. A zaure na tare shi na ce, "Huffin ne ya jawo?" Ya ce a'a. Zuciya ce ta kasa jan ruwan jiki, sai ya gangaro ya taru a ƙafa, in fata ta kasa riƙewa ta yi bororo ta fashe. Ko babu huffi zai zo, huffin dai ya ɓoye shi ya kuma ƙara masa. Ya ce kada mu huda ko ɗaya, kada wani ya kawo mana zancen sakiya ko ƙaho, kada ruwa ya taɓa bandejin. Na ce yaushe zai bushe? Ya gyara riƙon jakarsa ya ce, "Hajiya, mu dai mu sa ya ji sauƙi. Ciwon ya yi nisa."

Na ɗauka na gama ganin tashin hankalin ranar. Da aka kira sallar Juma'a na kawo masa buta da tasa kamar kullum, don ya daɗe da daina zuwa masallaci, azahar yake yi a zaune. Bai miƙo hannu ba.

Ya ce, "Ɗauke."

"Baba, lokaci ya yi."

"Da wace ƙafar? Ko kai hannu gare ta ba zan iya ba yanzu. Kuma mutum yana yoyo kamar tsohon tulu, ya je ya tsaya gaban Ubangijinsa? Ɗauke, Uwata."

Na tsaya da buta a hannu kamar an dasa ni. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an kira salla Baba yana kwance ba. Shekarar da ambaliya ta ci unguwarmu, a kan tudun da muka fake ya fara neman gabas kafin ya nemi buhunan shinkafarsa. Yau ga ladan yana kira, shi kuwa yana kallon rufin ɗaki. Wannan ya fi ƙafar firgita ni.

Ana saukowa daga masallaci na aika aka kira Liman. Ya shigo da sallamarsa, da wani sulɓaɓɓen dutse a hannu wanda ake ajiyewa a masallaci don marasa lafiya. Ya buɗe baki zai fara tsokana, idonsa ya sauka a kan bandejin da ya riga ya jiƙe, da huffin da ke yashe a gefe kamar fatar kifi, sai ya fasa. Ya zauna a ƙasa. A hankali ya yi wa Baba bayani: ruwan da ke fita daga ciwo da kansa ba ya karya alwala, kuma an yi rangwame a kansa. Wanda ba zai iya wankewa ba ya shafa a kan bandeji, in shafar ma za ta cutar ya yi taimama. Ya ce, "Sauƙi ne Ubangiji ya yi maka, Babarbare. Kai wane ne da za ka mayar masa da kyautarsa?"

Baba ya ce, "Ɗauke dutsenka, Bafillace."

Liman bai ɗauka ba, ya bar shi a gefen gado. A tsakar gida na ga yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Ni na kawo shawarar huffin nan. Ki lallaɓa shi, 'yata, kada rana ta faɗi a kansa haka."

Lallashi ba fannina ba ne. Na yi iya yina, na yi nasiha, na kawo masa karatun da shi da kansa ya koya mana muna yara. Aka kira la'asar, yana nan yadda yake. Sai bakina ya suɓuce na ce, "To Baba, haka za ka je ka same Shi, da salla biyu a wuyanka, saboda gardamarka da Liman?" Na faɗa na kama bakina. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. Ya ce, "Ba gardama ba ce. Kullum da ruwa nake zuwa gaban Ubangiji. Dutsen nan ban san daga ina yake ba, shi ma bai san ni ba. Na ɗora hannu na ji kamar ba ni ba."

Ashe ya gwada, lokacin da na raka Liman. Na dubi dutsen, na dubi hannayen Baba, sai na miƙe. Na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna a bakin ƙofarsa, na tare a-daidaita-sahu na ce fadama, kuma ya yi sauri. Alkama ta yi kore shar ko'ina, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ni ko kallonsu ban yi ba, rana nake duba. Na sauka na ratsa gonar Baba da ƙafa har ƙarshenta, can kwari wajen wata bishiyar giyayya, inda ambaliya ke daɗewa ba a samun shukawa. Ruwan ya janye, laka ta bushe ta daddare falle-falle. Na sa hannu a tsaga na ɓamɓaro hoge guda mai faɗi, farcena ya karye ban ji ba, na naɗe shi a gefen mayafi.

Da na dawo rana ta yi ja a jikin katanga. Ban yi wani jawabi ba, don haki nake yi, kuma har lokacin haushinsa nake ji. Na ɗora hogen a kan faifai na dangwara masa a cinya. Ya dube shi. Ya ce in tayar da shi zaune, na sa masa matashi a baya. Ya ɗaga faifan ya kai hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ɓantari gefe ya murza, wani ɗan ƙaramin bawon katantanwa ya faɗo.

Ya ce, "Daga gindin giyayya kika ɗebo."

"Daga can ne."

"Ashe ruwa ya janye."

"Ya janye, Baba. Rana ma tana shirin janyewa."

Ya yi bisimilla. Hannayensa suka tsaya a sama kaɗan, sannan ya kwantar da su a kan ƙasar. Ya shafi fuskarsa, ya sake ɗorawa ya shafi hannaye har gwiwa, daidai yadda ya koya mana a littafi shekaru da yawa da suka wuce, alhali shi bai taɓa yi ba. Ƙura ta ɗan kama farin gemunsa. Ya ta da kabbara. Ya yi azahar ya yi la'asar yana nuni da kai, bandejin yana ɗiga a kan ledar da na shimfiɗa. Ni kuwa na zame a jikin ƙofa na yi kukan da na riƙe tun hantsi.

Washegari Liman ya leƙo ya ga faifan, ya ce, "A'a, yau Babarbare ya shafa ƙasa a fuska!" Baba ya ce, "Kada ka haɗa ta da taku. Wannan rabin shekara take yi a cikin kogi."

Ƙanena ya dawo ya tarar ina canja bandeji. Ya kalli ƙafafun, ya zauna daɓas a ƙasa da jakarsa a kafaɗa. Daga ranar babu sauran nawa da nasa, tare muke wankewa muna naɗewa, Baba ma ya daina cewa a rufe. Ƙafar ba ta bushe ba har ƙarshe, kumburin ma ya hau har cinya. Amma salla ko ɗaya ba ta sake wuce shi ba. Saman hogen ya yi sumul, ya ɗan lotsa a wuri biyu daidai tafukansa. A kwanakin ƙarshe ni nake kama hannayen in ɗora masa.

Ya cika da hantsi, kafin a yanke alkama. Bayan an fita da shi, ina zaune cikin mata, na ga ƙanena ya dawo da sauri ya shiga ɗakin Baba ya fito da abu a ƙarƙashin riga, bai kalli kowa ba. Daga baya ya gaya mini ƙasar maƙabartar rairayi ce, da aka jera itace a kabarin ana neman hogen da za a toshe wata kafa ta wajen kai, shi ne ya tuna da na Baba.

Da aka kira azahar na miƙe ban yi tunani ba na shiga ɗakin in miƙa masa faifai. Faifan yana nan a gefen gado inda na saba ajiyewa, babu komai a kai sai ɗan garin ƙasa da ya maƙale a saƙar.